Jimina Ta Ce A Dawowa

Gidanmu na Ƙofar Durbi ba shi da abin nunawa sai murhun Kaka. Gyaɗa take soyawa ta sayarwa, cikin yashi, a wani tsohon kasko mai tsaga a baki, kuma ba ta ɗora shi sai an idar da magariba. Mu jikokinta biyar mu kewaye wutar, wai taya ta murza muke, alhali rabin abin da muka murza cikinmu yake tafiya. Ta sani sarai. Idan hannun wani ya cika zarya, sai ta ɗana masa bayan ludayi ko dubansa ba ta yi ba, ta ci gaba da juya yashinta.

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Cewa take, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa." Da yawa sun ɓace mini, amma ta Jimina da Kunkuru tana nan daram, don ita kaɗai Kaka take yi ranta a ɓace.

Wai Kunkuru ne zai ƙaura zuwa wani birni, tafiyar wata guda a ƙafarsa. Jimina ta ce ya hau bayanta, yini ɗaya za ta kai shi. Ya yi godiya, ya ce roƙonsa guda ne: akwai wani ɗan tafki a gefen hanya inda yayarsa take, a ratse ya gaishe ta. Jimina ta ce ba komai. Kasuwar farko ta tsaya ta baza fukafukai, jama'a suka taru kallo. Ta tsaya gindin wani dogon dutse, don kawai a ce ta je. Ta tsaya bakin babban kogi tana duba wuyanta a ruwa. Ko da suka zo mararrabar tafkin, rana ta karkata. A nan Kaka take ƙanƙance murya ta ɗaga hanci: "Wancan ɗan kududdufin? Mi za a gani cikinsa? A dawowa!"

Suka shiga birni da sauran rana, kowa na yaba ƙafar Jimina. Da rani ya yi, Kunkuru ya komo da ƙafarsa, ya tarar tafki ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage, ba wanda ya san inda yayarsa ta yi. Tun daga ranar ya rantse ba mai ƙara ɗaukarsa. Shi ya sa har yau yake tafiya yana tsayawa, yana leƙa kowace ƙofa.

Ni kuwa Jimina ce tawa. Wata rana na ce, "Kaka, ai ta cika alkawari, yini ɗaya ta kai shi."

Ta ajiye ludayin. "Ke, rufe mani baki! Buhun gero ake kaiwa a sauke a ce an kai. Mutum ta ɗauko ko kaya?" Daga nan ta laƙaba mini suna Jimina, gidan duka suka ɗauka.

Sai bayan rasuwar Kaka, autarta Gwaggo Hure ta gaya mini tushen fushin. Wata shekara Kaka da kakanmu suna dawowa daga biki a Daura cikin motar kaya, suka zo mararrabar ƙauyensu Kaka, kusa da Mashi. Ta ce su sauka ta ga uwarta. Ya ce yamma ta yi, a bari sai wani zuwan. Damina ba ta fita ba uwar ta rasu. Kaka ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba. Jimina ta sha zagin a madadinsa shekara da shekaru. A ƙauyen nan ne kuma Allah ya yi wa Gwaggo Hure aure daga baya.

Ni ban shiga aji ba sai da na haifi bakwai, na aurar da biyu. Makarantar manya ta yamma na yi, 'ya'yana suna ƙunshe dariya idan sun gan ni da littafi. Bara, da na fita takabar maigidana, gwiwoyina suka ƙi, ɗana Sani ya dage in koma Kano wurinsa. Na yarda, bisa sharaɗi ɗaya: mu bi ta wurin Gwaggo Hure. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka, idonta ya tafi, shekara shida rabona da ita. Sani ya ce ba komai.

Ana gobe tafiya ya iso da yaransa uku. Ya ajiye wata takarda a kan tabarma, bugun inji, tsaf da ita. Ina jin har yanzu a ransa uwarsa ba ta karatu. Na sa tabarau na bi ta da yatsa. Ƙarfe bakwai, hasumiyar Gobarau, hoto. Ƙarfe goma, rijiyar Daura, hoto. Azahar, Kazaure, abinci a bakin ruwa. La'asar, Kano. Na juya bayanta. Fari fat.

"Sani, zo nan. Ina Gwaggo a takardar nan?"

Ya sosa ƙeya. "Umma, hanyar ƙauyen ba kwalta, shiga da fita kaɗai sai ta ci awa biyu. Ga yaran nan ba su taɓa ganin rijiyar ba. Mu bari a dawowa."

Na ce, "Dawowar wa? Katifata na bisa mota, tukwanena na cikin but, ɗakina an ba 'yan haya. Wa zai dawo? Hasumiyar nan shekara hamsin ina wucewa ta gindinta, ba ta taɓa tambayata ya na kwana ba. Rijiya kuwa ba ta tari, ba ta hawan jini. Badi ma tana nan, jikokinka ma za su same ta. Gwaggo fa?"

"Umma, ni fa na tsara komai a kan lokaci."

"Ka tsara wa kayanka. Miƙo mini biro."

Na soke Daura, na soke Kazaure. Rubutuna kamar kaza ta yi tono, amma ya karantu: Gwaggo. Gobarau na bar musu, don yara ba su da laifi.

Mun same ta da hantsi a kan buzu, a inuwar rumbu, ta rame ta koma kamar yarinya. Na durƙusa na yi sallama. Ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta daɗe tana shafawa, sai ta ƙyalƙyale da dariya. "Jimina! Yau kuma an ratse?"

Kuka ya ƙwace mini a gaban jikokina, ban ji kunya ba. Ta lalubi Sani ta ce wannan direban na waye. Ta sa aka dama fura, ta hana mu tashi sai da muka yi la'asar. Mun shiga Kano bayan isha'i, Sani ya ɗaure fuska tun daga Mashi har ƙofar gidansa. Ko a jikina.

Wata uku bayan nan aka bugo mana rasuwarta. Sani ne ya ja motar zuwa gaisuwa, kuma da muka zo mararrabar bai tambayi kowa hanya ba.

Ina yarinya na ɗauka gudun Jimina ne laifinta. Ba shi ba ne. Ai ta tsaya har sau uku. Inda za a gan ta ta tsaya, ta wuce inda ake jiran wanda ta goyo. Yanzu idan na ji an ce wa tsoho "a dawowa", ko a tasha ne, ko ban san mai maganar ba, sai na sa baki. Takardar Sani tana cikin akwatina, da layukan da na soke. Da ita zan buɗe wa jikokina tatsuniyar, idan sun yi mata shimfiɗa.