Rariyar da Na Toshe

Satin da ya wuce ma'aikatan magajin gari suka shafa jan fenti a bangon mangazata, ɗakin da nake ajiye hatsi. Na tsaya ina kallonsa, sai na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko a hancina, alhali rani muke ciki.

Gidanmu shi ne mafi gangare a layinmu. Duk ruwan da ya sauka a unguwar, ƙofarmu yake nufa. Kakana bai taɓa faɗa da shi ba. Ya bar rariya biyu a gindin katanga, ɗaya gabas ɗaya yamma, ya jera musu duwatsu. Ruwa ya shigo ta nan, ya ratsa tsakar gida, ya fita ta can, ya gangara tabkin bayan unguwa. Mu yara muna murna, mu tuɓe riguna mu yi ta tsalle a ciki. Kakata kuwa ta kwashe tukwane tana mita.

"Malam, wanga gida ne ko gulbi?"

"Baƙo ne mai wucewa," in ji shi. "Ki ba shi hanya, ba ya kwana."

Duk shekara in ruwan farko mai ƙarfi ya sauko, sai ya naɗe wando, ya ɗauki sandarsa, ya fita ba takalmi. Daga saman layi yake farawa, yana bin ruwan, yana ja da sanda a duk inda ya ga ya tsaya yana juyi. Kashegari maza su fito da fartanya da kwando, a share inda ya zana, mata su dama fura. Doka ɗaya ce: ba mai tada ƙofar gidansa da ƙasa sai tsoho ya zo ya duba. A lokacin na ɗauka son girma ne kawai.

Ya rasu ina saurayi. Na shiga harkar hatsi, ina sayen gero da wake a Kornaka da Ɗan Gulbi, in ajiye, in sayar. Allah ya sa albarka. Da na tashi gina mangaza, ban ga wurin da ya fi bayan gidanmu ba, daidai bakin rariyar yamma. Na sa aka toshe ta da siminti, aka zuba burji, aka tada ginin har gwiwa. Ba ni kaɗai ba, kowa a layin ya riga ya tada ƙofarsa, yana tura ruwan ga na ƙasa da shi. Amma ba zan laɓe bayan kowa ba. Na san abin da rariyar nan take yi.

Kakata ta tsufa sosai a lokacin. Ta fito da sandar mijinta, ta daɗe tana kallon simintin.

"Kai, mai gidana, ta ina baƙon zai fita?"

Haka take kirana, wasan kaka da jika. Na yi dariya na ce, "Tsohuwa, zamani ya canza. Zai nemi wata hanya."

Ya nema. Damina biyu bai yi mana komai ba. A ta uku, ranar kasuwar Kornaka, ina can, aka yi ruwa tun azahar. Ya shigo ta gabas kamar kullum, ya rasa mafita, ya kwanta a gindin ɗakin kakata, ginin ƙasa. Kafin la'asar bangon ya zauna. Maƙwabta suka zaro ta da rai, amma ƙugunta ya karye. Da na iso da yamma, bayan na gan ta, na buɗe mangaza. Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Ban taɓa gaya wa kowa yadda na ji da na ga busasshen daɓen nan ba.

Ba ta ƙara tashi ba. Ba ta kuma taɓa ambaton rariyar ba, har ta rasu ana yankan gero. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Bana aka ce an samu furoje, wato aikin tallafi, za a gyara layinmu a yi masa magudanar ruwa ta siminti. Wani matashin injiniya ya kwana uku yana awo da na'ura mai ƙafa uku. Aka tara mu ƙofar mai unguwa, ya shimfiɗa takarda. Layin da ya ja, tun daga sama har tabki, shi ne wanda sandar kakana take ja, bai kauce ba ko taku ɗaya. Ta tsakiyar mangazata ya bi.

Wakilin magajin gari ya faɗa mana gaskiya: kuɗin na aiki ne, babu na diyya, kuma in mutum ɗaya ya ƙi, za a kai aikin wata unguwa. Duk aka shiga satar kallona. Sun san ni, ba na sakin abin hannuna a banza.

Na ce, "Ku ba ni kwana uku in kwashe hatsi."

Jiya na karɓi diga daga hannun lebura, na fasa simintin rariyar da kaina. Duwatsun tsoho suna nan a jere yadda ya bar su. Yanzu sai an zo da takarda da na'ura kafin mu yarda da abin da mutum ɗaya yake gani da ƙafa cikin ruwa. Daminar bana baƙon zai wuce ta hanyarsa. Ɗakin kakata, wanda ya kamata ya wuce ya bari a tsaye, shi ne babu.