Ranar da Kaka Ya Hango Ƙetaren Tafki

A jikin firijin Inna, a gidanmu na unguwar Tremont a ƙasar waje, akwai wani hoto da ya koɗe. Ba kowa a cikinsa, ruwa ne kawai da duwatsu, a karkace ma. Ni na ɗauke shi ina 'yar firamare. Bari ka ji dalilin da ya sa har yau ba a cire shi ba.

A shekarar ne Baba, wanda ke tuƙa tasi, ya kawo mahaifinsa daga Nijar don a yi masa aikin ido. Yanar ido ce ta rufe wa Kaka idanu tun kafin a haife ni. Da lalube ya san ni. Yakan shafa kaina ya ce, "Amarya, kin ƙara tsawo."

Aka yi aikin, aka cire bandeji. Kowa ya tambaye shi, sai ya ce, "Da sauƙi." Ya ci gaba da bin bango da hannu. Baba ya daina cin abincin kirki. Da ya matsa masa, Kaka ya ce, "A garin nan ina ido zai je? Duk inda na duba, bango."

Ranar Lahadi Baba ya ajiye aiki, ya ɗauke mu muka yi arewa, inda wani fasinja ya taɓa ba shi labarin tafki a kan dutse. Lokacin ganye ya fara ja, iska da sanyi-sanyi. Hawan ba nisa, amma mun daɗe. Baba na riƙe da gwiwar hannun Kaka, yana faɗa masa inda saiwa take. Ni ina baya da kyamarar Inna a wuya, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen ganye.

Kwatsam bishiyoyi suka ƙare, sai ga ruwa kwance, shuɗi, dutse ya kewaye shi. Kaka ya zare hannunsa. Ya tsaya yana kallo har na gaji da tsayuwa.

"Wancan mai jar riga a ƙetare," ya ce, "kifi yake kamawa?"

Sai da na ƙanƙance ido na hango mutumin. Baba ya zauna a kan dutse, ya ja hularsa ya rufe fuska.

Kaka ya juyo ya ƙare mini kallo. "Ashe mummuna na aura."

Na tura baki. Ya yi dariya ya ce in ɗaukar masa hoton ruwan, ya kai gida a gani. Na ce ya shiga hoton, ya ƙi, wai an san shi a can. Na danna ina fushi, shi ya sa ya karkace. Biyu aka wanko, ya tafi da ɗaya. Bai sake zuwa ba, can ya rasu.

Bara na kai 'ya'yana tafkin. An gyara hanyar, an sa matakala. Suka ɗaga waya suka yi ta ɗauka, suna tambaya da Turanci ko shi ke nan abin. Baba kuwa a mota muka bar shi, gwiwa ta hana shi hawa. Da muka sauko, ya sauke gilashi tun kafin mu ƙaraso.

"Har yanzu ana hango ƙetare?"

Na ce masa ana hangowa. Ban gaya masa sai da tabarau ba.