Tsohon da Ke Faɗa da Kabari

Mijinyawa direba yana jiran ubangidansa a ƙofar maƙabartar Al-Oud da ke ƙasar Larabawa, idonsa na kan wani tsoho. Dogo ne ramamme, da jallabiya da koɗaɗɗiyar hular Kano, ga lambar yaƙin Bama maƙale a ƙirji. Wannan, in ji Mijinyawa a ransa, tun zamanin Turawa ya baro gida, ƙila ma a ƙafa.

Kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna, duwatsu ne kawai. Tsohon yana bin su da sanda kamar mai zaɓen kankana, har ya tsaya kan ɗaya ya riƙe ƙugu.

"Sailuba! Mai duba ya rantse ni zan riga ki. Shekara arba'in ina bar miki wasiyya kina dariya. Shi ne kika tsallake layi?"

Wani Balarabe mai gadi ya matso. "Ya hajji, wannan mutumin Yaman ne, jiya aka binne shi."

Tsohon ya share ido da hannun riga. "Ma'alesh, ba komai, zai gaya mata. Matar nan tawa, baƙo ba ya kwana a unguwa ba ta san shi ba."