Hular da Na Yi wa Gadi

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, ba don malamai sun gaji da ni ba, ni ne dai na tausaya musu. Da wannan ɗan guntun ilimi na samu aikin ba da kati a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, a cikin lungu, ba nisa da Dukawuya. A takarda aikina ke nan. A zahiri kuwa, hula nake wa gadi.

Shugabanmu malamin asibiti ne, amma kowa Likita yake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ya iya aiki, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. In yana neman jijiya, sau ɗaya yake soka allura. Sai dai yana da kemis nasa na kansa wajen Ƙofar Dawanau, kuma yana da hula biyu. Da safe zai duba mutum uku ko huɗu, sannan ya tuɓe ta kansa, wata zanna mai ruwan toka, ya kifa ta a tebur kusa da tabarau, ya fita ta ƙofar baya kamar mai zuwa alwala. Ta biyun tana jiransa a akwatin babur.

To, a cikin birni kowa ya san dattijon kirki ba ya ƙetare unguwa kai babu hula. Wanda ya leƙa ya gan ta a tebur, ya san mai ita yana kusa. Saboda haka ni ba na ma wahalar yin ƙarya. In an tambaye ni, haɓa kawai nake ɗagawa in nuna tebur. Jifa-jifa in shiga in juya ta, ko in matsar da tabarau, don kada a lura tun hantsi ba ta motsa ba. Unguwarzoma ita ma gyale take ratayewa a kujera, mai shara ya jingine tsintsiya a bakin ƙofa. Wata rana in ka shigo, kaya ne kaɗai suka zo aiki. An kuma gaya mini tun ranar farko cewa wanda na gada ya taɓa furta “ba ya nan” a gaban wani baƙo, ashe mai duba aiki ne. Likita ya tsira, shi kuwa aka tura shi wani ƙauye da ko mota ba ta shiga.

Wata Laraba da damina, wajen ƙarfe sha ɗaya, wani ɗan dako daga Kasuwar Kurmi ya turo yayansa a baro. Amai da gudawa tun asuba. Idanu sun faɗa, fatar hannu in ka ja ba ta komawa. Ko ni mai aji huɗu na san ruwa za a ƙara masa, kuma a take. Ledar ruwan tana cikin kabad, makulli yana aljihun Likita.

Ƙanen ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi Likita. Na ɗaga haɓa. Ya leƙa ya ga hula, ya yi hamdala, ya zauna a ƙasa yana yi wa yayan fifita da kwali. Na zagaya baya na kira wayar Likita sau uku, tana shiga, ba a ɗauka ba.

Wata tsohuwa a benci ta ce masa ya garzaya babban asibiti tun da sauran ƙarfi a jikin mutumin. Ya ce can sai an bi layi, shi kuma bai san kowa ba, nan kuwa ga Likita a kusa. Amma maganarta ta shige shi, don ya taso ya zo gabana.

“Baba, ko in wuce da shi?”

Na ce, “Ka dai ga hula.”

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na sha auna maganar, babu ƙarya a cikinta ko ɗaya. Da kotu za a kai ni, da na ci.

Aka kira azahar, ƙanen ya ce to yanzu kam sai an idar. Aka fito daga masallaci, ya riƙa duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya har lungu ya watse. Ya dubi hular, ya dube ni, ya kama hannun baro. Washegari mai shayin bakin titi ya gaya mini ko asibitin ba su kai ba.

Da na ba Likita labari, ya yi salati, ya ce kwana ne ya ƙare. Sannan ya tambaya ko na yanka masa kati. Na ce a'a. Ya ce to, bai zo ba ke nan.

Bayan sadakar bakwai sai ga ƙanen a bakin ƙofa, da gammo a hannu. Hular tana tebur kamar kullum. Na ɗauka faɗa ya kawo, har na gyara zama. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi iyali.

“Baba, Likita bai gama alwalar ba?”

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

“Zuwa na yi in ce na yafe wa hular. Ita ba ta da baki.”

Ya ɗora gammonsa a ka ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Zan so in rubuta cewa daga ranar na zama jarumi, amma tsufa ya hana ni ƙawata kaina. Ban kai ƙarar kowa ba, ban taɓa cewa “ba ya nan” ba har na yi ritaya. Abin da na iya shi ne, in na hango an ɗauko mutum ranga-ranga, sai in riga su shiga ofis in jefa hular cikin durowa. Su leƙa su ga tebur wayam, su juya da kansu su nufi babban asibiti. In sun yi nisa, in fito da ita, in kaɗe ƙura, in kifa ta kusa da tabarau yadda ya bar ta.