Kafaɗar Berend Hulshof

Berend Hulshof bai taɓa kwana a wajen ƙauyenmu ba. A nan gabashin Holan aka haife shi, a nan ya tsufa da shanunsa takwas da gonar dankali. Ga taurin kai, ga riƙo, amma ko maƙiyinsa ya san ba ya wasa da haƙƙin maƙwabtaka. A wajenmu in ka tare a gida, da ƙafarka za ka bi ƙofa ƙofa ka roƙi a karɓe ka. Ranar mutuwarka maƙwabta ne za su kaɗa ƙararrawar coci, su ɗauki akwatin gawarka a kafaɗa. Dangi ba sa ɗauka, a kira 'yan haya kuwa abin kunya ne har ga jikoki.

Berend na da shekara arba'in Lodewijk Tervoort ya sayi gidan da ke jikin nasa. Masanin shari'a ne daga birnin Hague. Wai in ƙasashe biyu suka zare wa juna ido kan iyaka ko ruwan kamun kifi, shi ake kira ya shiga tsakani, a rabu ba a harba bindiga ba. Ban musa ba. Amma mutumin da ya iya lallashin sarakuna ya kasa taka ƙofar maƙwabci. Takarda ya aiko mana, shafi uku, sharaɗi goma sha ɗaya, har da wurin sa hannu.

Berend ya juya ta ya miƙo mini. "Kai Jannes, karanta mana. Maƙwabci muka samu ko yaƙi aka ci mu?"

Duk da haka muka karɓe shi.

Bayan shekara shida Geesje, matar Berend, ta rasu. Tervoort ne maƙwabci na kusa, shi ya kamata ya ɗauki gaban akwati. Aka buga masa waya, ya amsa wai yana tsakiyar sasanta ƙasashe biyu. Ya aiko da furanni da wani ƙato da ya ɗauko haya. Berend ya kori ƙaton da cebur, ya cire hula, ya shiga ƙarƙashin akwatin da kansa. Miji ya ɗauki gawar matarsa! Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Shekara ashirin ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Tervoort ya tsufa, ya bar aiki, ba ɗa ba jika, sai tsoron wa zai ɗauki gawarsa. Wata safiya ina taya Berend kwasar taki sai ga Tervoort ya dogaro sanda ya tsaya a bakin shinge.

"Maƙwabci, mu kashe maganar nan," ya ce. "Ka zaɓi mutum ɗaya, in zaɓi ɗaya, su biyun su zaɓi na uku. Abin da suka yanke mu bi."

Berend ko ɗagowa bai yi ba. "Ranka ya daɗe, alƙalin duniya, har yanzu ba ka gaji da tura wakili ba? 'Ka yafe mini' kawai za ka ce. Ko ita ma sai ka ɗauko ɗan haya ya faɗa?"

"Ranar nan yaƙi na hana, Berend. Dubban mutane na raye saboda zaman nan."

"To su zo su ɗauke ka."

Na ga bakin tsohon yana motsi, amma girman kai ya riƙe kalmar. Ya juya ya tafi.

Da bazara Tervoort ya mutu. Manya suka zo daga Hague da dogayen huluna, suka cika titi da jawabi. Akwati ya jira a ƙofa kusan awa ɗaya, suna ta kallon gidajenmu. Ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Berend ya tsinko furanni a lambun Geesje ya aika musu. Daga ƙarshe 'yan haya suka ɗauka. Ni ma ban fita ba, ta taga na leƙa, kuma ban ji tausayi ba.

Da yamma na sami Berend a bayan garke, hula a hannu, yana murza kafaɗarsa ta dama. Na ce masa ai ya rama, sai ya huta.

"Ciwo take mini, Jannes," ya ce. "Alhali yau ban ɗauki kowa ba."