Ka Fidda Ta Gusum

Ni mahauci ne, ɗan mahauta. A ba ni sa a ba ni wuƙa, kafin mutum ya gama shan furarsa na raba masa shi kashi-kashi. Amma ƙarƙashin mota ba wurina ba ne, kuma da ina da yadda zan yi ran nan, wallahi da ban shiga ba.

Ƙanwata, autarmu, tana aure a Maradun, cikinta ya tsufa. Haihuwarta ta baya sai da aka yi mata aiki, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar aka samu kanta. Saboda haka likita ya ce wannan karon kada ta kuskura naƙuda ta same ta a gida, ta taho Mafara ta zauna kusa da asibiti. Mijinta babur gare shi. Motar haya kuwa, yadda ake danna mutane a ciki, ba ta mai tsohon ciki ba ce. Ni ke da mota, tsohuwar jif ɗin da mahaifinmu ya bari, don haka na ce su shirya, ranar Alhamis da safe ina tafe.

Sai motar ta tashi nata rashin mutuncin. Da ma ta daɗe da wata 'yar wuta ruwan ɗorawa a gaban sitiyari, na saba da ita har na daina ganinta. Amma a makon nan ta fara shan mai kamar ana zuba shi a rairayi, tana fitar da baƙin hayaƙi, kuma da zarar na rage gudu sai ta hau kakkarwa ta mutu. A cikin gari wannan abin kunya ne kawai, 'yan acaba su yi maka dariya su tura ka. A hanyar Maradun ba haka ba ne. Akwai wani kwalbati da ruwa ya cinye, dole ka rage gudu har ya koma kamar tafiyar ƙasa, ga daji hagu ga daji dama, kuma a nan mutanen daji suka fi tare matafiya. Idan mota ta mutu a wurin, ba mai tsayawa ya tura ka, kai ma ba za ka ga laifin kowa ba.

Ranar Talata, da kasuwa ta lafa, na kai ta wurin wani mai duba mota da kwamfuta a bakin tasha. Ya jona na'urarsa ya ce sensa ce ta mutu, wata 'yar aba da ake ɗaurawa a jikin salansa, tana sansanar hayaƙi tana gaya wa injin ya ƙara mai ko ya rage. Ya ce irin motata akwai ɗaya a kowane gefen injin, kuma ta ɓangare na ɗaya ce ta lalace. Na ce wanne ne ɓangare na ɗaya? Ya ce makanikina ya sani. To makanikina ya tafi ta'aziyya Sakkwato, sai Asabar. Sauran da na zagaya, wannan ya ce a tsinke wayar a huta, wancan ya ce sai an sauke injin. Raina ya ɓaci, na je shagon kayan mota na sayi sensar, guda ɗaya tak ta rage masa, na ari sifanu na koma gida.

Ina da kawu a Bakura, ƙanen mahaifiyarmu, tsohon makaniki ne tun kafin a haife ni. Idanunsa sun yi rauni ya bar aiki, amma ya san cikin wannan jif ɗin fiye da yadda na san cikin sa. Laraba da hantsi na ɗaga motar da jak a tsakar gida, na tokare ta da kututturen da nake sara nama a kai, na shimfiɗa buhu, na kira shi a waya.

Kawu ba a yi masa gaisuwar tsaye. Sai da muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa, ya tambayi ƙafar maƙwabcina da ta karye tun bara. Ina amsawa ina kallon rana tana hawa. Da na samu ya numfasa na zayyana masa komai.

Ya ce, “Wanga ba wani aiki ba ne. Ɓangare na ɗaya ga motag ga shi ne na gusum. Ka fidda ta gusum.”

Gusum dai kudu ke nan a bakinmu. Kawu bai yarda da hagu da dama ba. Ya sha faɗa mana cewa daman wanda ke cikin mota ita ce hagun wanda ke tsaye gabanta, kuma da wannan aka lalata motoci da yawa, amma arewa da gusum ba su juyawa. Ni ma haka na tashi, ko tabarma za a gyara a gidanmu cewa ake a ja ta arewa. Ban yi wani tunani ba, na dubi katangar kudu, na shiga ƙarƙashin motar ta gefen direba.

Ga ta nan kuwa, a maƙale a jikin salansa, tsatsa ta haɗe su sun zama abu ɗaya. Kawu ya ce in zuba mata man birki in bar ta ta sha. Na zuba, na jira, na sa sifana mai buɗaɗɗen baki na ja. Ko motsi. Na sake ja, sifanar ta zame, 'yan yatsuna suka daki ƙarfe, fata ta saluɓe. Na duba na ga kusurwar sensar ta fara cinyewa. Da na gaya wa Kawu, muryarsa ta canza. Ya ce in tsaya nan, idan kusurwoyin suka cinye duka sai dai mai walda, kuma in sa sifana mai zobe wadda ke kama ta ko'ina. Na ce zoben ba zai wuce kan wayar ba, soket ɗin ya yi masa girma.

Ya ce, “Yanke wayar. Ai matacciya ce, mi za ka yi da ita?”

Na jawo wuƙata na datse ta sara ɗaya, dab da gindi. Na zura zoben, na ƙara wa sifanar tsawo da guntun bututun ruwa, na tokare ƙafa da taya, na yi bisimilla na ja da duk ƙarfina. Ta yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofar kwano, ta saki. Na daɗe kwance a wurin ina haki, tsatsa cike da idona, ina jin daɗi kamar na gama.

Bayan azahar na ɗaura sabuwar, na jona, na tada mota. Ta tashi, ta ɗan yi kamar abin kirki, sannan ta hau kakkarwar nan tata, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta mutu. Na sake tadawa, ta sake mutuwa. Ina zaune riƙe da sitiyari sai ga kiran mijin ƙanwata. Bayan gaisuwa ya ce, “Yaya, gobe dai ko? Don tun safe take cewa bayanta na ɗan riƙe mata.” Na ce gobe in Allah ya so. Da na kashe wayar, tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Na sake kiran Kawu, wannan karon gaisuwar ma a gajarce. Ya sa na duba soket, na duba fis, na duba ko sensar ta zauna daidai. Komai lafiya. La'asar ta yi, zafi ya ishe ni, na ce masa bari in matsa, rana ta dako gilashin gaba tana kashe mini ido.

Ya ce in dakata. Sannan ya ce, “Rana ga gilashin gaba, da la'asar? Kai, ina motar ta sa gaba?”

Na ce, “Yamma, Kawu. Ƙofar gidana gabas take, in na shigo yamma nake kallo.”

Na ji ya yi salati a hankali. Rumfar da ya yi aikinsa a Bakura ƙofarta yamma take, duk motar da ta shiga wurinsa gabas take kallo, haka ya gan su duk tsawon rayuwarsa, haka kuma yake ganinsu yanzu da idon ya tafi. Gusum ɗinsa gefen mai zaman kusa da direba ne. Nawa gefen direba. Wato lafiyayyar na kwance, ita na datse wa waya, matacciyar kuwa tana nan daram ba a taɓa ta ba. Kuma babu wata sabuwa a garin.

Abin da ya taso mini a ƙirji, da wani ne ba Kawu ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na ajiye wayar a kan buhu, na je bayan ɗaki na tsaya ina kallon katanga har numfashina ya daidaita. Da na dawo yana kan layi. Ya ce, “Ni na jawo, ɗan nan. Ban tambaye ka ba.” Muryarsa ta tsufa a cikin wannan ɗan lokacin, sai kuma tausayinsa ya kama ni. Na ce ba komai, ya gaya mini yadda za a yi.

Ya ce sabuwar za ta koma gefen da ya dace, lafiyayyar kuma a ɗinke mata wayarta a mayar da ita inda take. Ban iya jira salansa ta huce ba, na kwance sabuwar da zafinta, ta bar mini tabo a damtse wanda yake nan har yau. Na zagaya ɗaya gefen. Da na ɗora wuƙa a kan wayar matacciyar sai hannuna ya ƙi. Na ce, “Kawu, gefen da mai rakiya ke zama, ba gefen sitiyari ba?” Ya ce awo, wato e. Na sake tambaya, ya sake cewa awo, bai yi fushi ba. Na yanke. Ita ma ta ba ni wuya, amma yanzu na san halinsu, man birki da bututu suka fitar da ita.

Ɗinkin ne tashin hankali. Abin da na bari a gindin lafiyayyar bai wuce gaɓar yatsa ba, wayoyi huɗu sirara masu taurin tsiya, ba su murɗuwa. Kawu ya ce farare biyun ba su da faɗa, kowanne na haɗa da kowanne daidai ne, amma baƙi sai baƙi, mai ruwan toka sai ɗan'uwansa. Na fere su da bakin wuƙa a hankali, don in ɗaya ya guntule shi ke nan. Na ɗaɗɗaure kowanne da zaren tagulla da na zare daga tsohuwar wayar rediyo, na naɗe da salatif, na ɗaure su nesa da salansa yadda zafi ba zai narkar ba. Ana kiran magariba na tada motar. Na tsaya ina jiran kakkarwa, ba ta zo ba. Na kanga wayar kusa da injin, Kawu ya saurara ya ce, “To, ta yi. Amma ɗinki ɗinki ne, kada ka faɗa rami da ƙarfi.”

Da safe na bi ayarin motocin farko. Na tarar da ƙanwata zaune a zaure da jakarta, fuskarta ta kumbura, tana murmushin ƙarfin hali. Uwar mijinta ce za ta rako ta, suka shiga baya. Ban tsaya shan ruwa ba, muka juyo.

Muka ɗauki hanya. Kunnena yana kan injin, idona yana kan bakin daji. Motar da ke gabanmu ta yi nisa, ta bayanmu ban gan ta ba. Da muka iso kwalbatin na taka birki, na sauka ramin a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Tayar baya ta faɗa, motar ta girgiza, injin ya yi wata irin shaƙuwa sau ɗaya, ya yi ƙasa. A daidai nan na ji hannun ƙanwata ya damƙi kafaɗata ta baya, damƙar da ban san tana da ƙarfinta ba. Na ɗan taɓa totur, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Injin ya kama. Muka haye, na ba ta wuta, ban ƙara rage gudu ba sai da na ga rufin kwanon Mafara. Hannun nan bai sake ni ba har ƙofar asibiti.

Na fito na buɗe musu ƙofa ina cewa ga shi mun iso lafiya, sai na ga kujerar a jiƙe sharkaf, zanenta ma haka, leɓenta na ƙasa ya fashe don cizo. Ma'aikata suka kawo keke suka wuce da ita ciki. Na juya ga tsohuwar na ce, “Inna, tun yaushe?”

Ta ce, “Tun kwalbatin nan faya ta fashe. Na buɗe baki zan gaya maka, ta toshe mini baki da hannu ɗaya. Ta san in ka ji za ka tsaya.”