Ranar da Aka Ɓoye Maigidana a Rumfar Albasa

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da aka yi wa maigidana tiyatar ƙaba a wani shago kusa da Dandin Mahe. Shago fa na ce, amma mu asibiti muke ce masa, tunda mai shi yana da farar riga, kuma a sahun gaba yake salla. Me ya rage kuma? A yanka ka da hantsi, la'asar kana gida, wa zai wahala har Sakkwato?

An gama ɗinki ke nan aka bugo waya cewa jami'an lafiya masu duba lasisi sun baro Bodinga. Ashe likitan namu izinin sayar da magani kawai aka ba shi, wuƙar ƙari ce daga zuciyarsa mai kyau. Kafin ka ce kwabo dattawa sun taru, ba don ceton majinyaci ba, don ceton likita. Aka kinkimi maigidana da ɗanyen ɗinki zuwa rumfar albasa a bayan shagon, aka lulluɓe shi da buhuna.

Surukina ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mutumin ga namu na. Mu ruhwa mai asiri, Allah shi ruhwa muna."

Jami'ai suka iso, aka ba su ruwa, aka ja gaisuwa har da tambayar shanu. Dattawan da ba su taɓa yarda da juna kan iyakar gona ba, ranar bakinsu ya zo ɗaya: ko reza ba a taɓa gani a shagon nan ba.

Ni kuwa na zagaya rumfa. Buhun ya jiƙe da jini, tafin hannun maigidana ya yi fari fat. Jarumin nawa ya cije leɓe, ko nishi ya ƙi yi, wai Baba ya ce a yi shiru. Tsoro ya kama ni, haushi ya fi shi yawa. Na fito gaban surukai, na kama hannun wata jami'a.

"Hajiya, taho ki ga albasarmu, jini take zubarwa."

A motarsu aka kai shi asibitin gwamnati, aka sake buɗe aikin, aka ƙara masa jini. Shagon kuma aka garƙame shi. An daɗe mata ba sa amsa gaisuwata, wai na rufe wa gari asibiti. Shi kansa gogan da ya warke cewa ya yi na cika gaggawa.

Tun ranar, duk wanda zai ɗora wuƙa a jikin wani nawa, sai na ji wa ya ba shi izini, ko da limamin garinmu ne. Gara a kira ni marar kunya da a zo yaba haƙurina ina cikin takaba.